Ɗinkin Riga Dubu Sai Da Takarda

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, abubuwa biyu sukan faru a garuruwanmu a lokaci guda. Teloli su daina karɓar ɗinki, domin abin da ke jibge a shagunansu ya riga ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage, masu yadi kuwa su yi ta zarya ana ba su haƙuri. A daidai wannan lokaci ne kuma 'yan kasuwa ke kwance dilolin jallabiya da abaya da kayan yara waɗanda aka ɗinko a ƙasar Sin da maƙwabtanta, a yi ta sayar da su kamar ana rabawa. Wanda tela ya juya wa baya sai ya zarce kasuwa, ya ɗauki ɗinkakkiya, ya gwada, ya biya, ya kama hanyar gida. Ladan ɗinkin da ke cikin kuɗin nan da ya biya ya tsallake teku ke nan, alhali kuwa ga samari a unguwarsu zaune a gindin bishiya ba aikin fari ba na baƙi.

Mu ɗalibai mun sha yin kuka a tarurrukanmu a kan mutuwar masaƙun Kaduna da Kano, kukan kuwa yana kan hanya. Amma akwai wani giɓi da ba mu cika kula da shi ba, watau wanda ke tsakanin tela mai gwaninta da ma'aikatar da za ta iya fitar da riga dubu iri ɗaya cikin mako guda. Ra'ayinmu shi ne, tun kafin a zo maganar jari ko ta wutar lantarki, babban abin da ya hana ɗinkinmu haye wannan giɓi shi ne rashin rubutu. Awonmu yana ka, salonmu yana hannu, ba mu da ko ɗaya a takarda. Cike wannan giɓi kuwa aikin masu ilmi ne, watau mu ɗin nan da ake kashe dukiyar jama'a a kanmu a jami'a.

Kada wani ya ce ɗinkakkiyar riga baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne sana'ar tufafi. Ya rubuta cewa kayan da ake saƙawa a rina a Kano suna kai wa Murzuƙ da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kuma kai wa Tambutu ta yamma, har ya ƙiyasta abin da ake kai wa Tambutu kaɗai da kayan raƙumi 300 a kowace shekara. To, Ba'abzinen da ya sayi kore ko turkuɗi a can cikin hamada, wane tela ne ya auna shi? Babu. An ɗinka ne a kan ƙa'idar da kowa ya sani, yawan ƙwarya kaza, tsawo kamu kaza, mai saye ya ga kaya ya san darajarsu ya biya.

Har ila yau, rigar ba hannu ɗaya ke yin ta ba. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, wani ya haɗa ƙwaryoyin, malami ya zana aska biyu ko aska takwas a aljihu, wani ya bi zanen da allura, a kai marina a Kura ko Ƙofar Mata, daga nan a kai mabuga, kana dillali ya ɗauka zuwa kasuwa. Wannan rabon aiki shi ne ainihin abin da ma'aikatar ɗinki ta zamani take yi. Bambancin kawai shi ne kakanninmu sun riƙe ƙa'idarsu da ka, suna gadar wa 'ya'yansu, domin salon tufafi a zamaninsu yakan shekara hamsin bai sake ba. Yau salo yana sakewa tsakanin salla da salla, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abin da ke sakewa haka.

Da zamanin masana'antu ya zo, shugabanninmu na farko sun kama aikin ta wajen saƙa. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 da himmar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wasu kuma suka biyo baya, irin su United Nigerian Textiles da Arewa Textiles, har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. Amma abin da masaƙun nan suka fi fitarwa shi ne yadi da atamfa. Matakin ƙarshe, watau mayar da yadi tufa, an bar shi a hannun tela da kekensa ɗaya. Saboda haka da Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe ƙofa a 2007, ba a sami wasu manyan ma'aikatun ɗinki a Arewa waɗanda za su riƙe ma'aikata, ko su tsaya tsayin daka su nemi a ceci masu sayar musu da yadi ba. Mun gina ɗaki mun bar shi ba jinka.

Su kansu Turawa ba da keke kaɗai suka kai inda suka kai ba. Wani Bafaranshe mai suna Thimonnier ya sami takardar mallakar keken ɗinkinsa tun 1830, Singer kuma ya fito da nasa a Amurka a 1851. Amma ɗinkin kasuwa bai kankama sosai ba sai da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tilasta a tufatar da sojoji dubbai cikin gaggawa. Da aka auna su aka rubuta, sai aka lura awon jikin maza yana maimaita kansa, mai ƙirji kaza yawanci kafaɗarsa kaza ce, hannunsa kaza ne. Daga nan lambobin riga suka samo tushe. A 1863 kuma wani tela, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da zubin tufafi na takarda mai girma daban daban. Ashe keke ya ba da sauri ne kurum, rubutaccen awo shi ya ba da yawa.

To, mene ne ake bukata kafin salon da ke kan mutum ya isa shiga ma'aikata? Bari mu bi abin daki daki, domin da yawa daga cikinmu suna da burin buɗe kamfanin tufafi bayan kammala karatu, suna tsammanin abin da za su kai wa ma'aikata shi ne hoto a waya da kuɗin kafin alƙalami.

Da farko sai mutum ya yanke shawarar wanda zai sa rigar da abin da zai iya biya. Kaftanin ma'aikacin ofis da na ɗan makarantar firamare ba su haɗa yadi ba, ba su haɗa ƙarfin ɗinki ba, ba su haɗa farashi ba. Wanda ya fara da zane kafin ya san mai saye, yakan ƙare da kyakkyawar riga wadda ba mai iya saye. Bayan wannan sai zane, kuma ba zanen ado ake nufi ba irin wanda ake yi wa mace doguwa tana karairaya. Ana son zanen rigar a shimfiɗe, gaba da baya, kowane layin ɗinki ya fito, a nuna inda aljihu ya zauna da nisansa daga kafaɗa, yawan maɓallai da tazarar da ke tsakaninsu, faɗin kalmasa, da zurfin tsagar gefe. Duk abin da mai zane ya bari bai nuna ba, wani ne zai yanke hukunci a kansa a madadinsa, kuma ba lalle ne hukuncin ya yi masa daɗi ba.

Na biye shi ne jadawalin awo. A nan ake rubuta kowane wuri da za a auna, da yadda za a auna shi, domin kalmar tsawo kaɗai tana iya jawo rigima: daga ƙashin wuya aka fara ko daga kan kafaɗa? Kowane awo kuma sai a rubuta masa iyakar kuskuren da za a yafe, misali kwatan inci a wuya, rabin inci a tsawo, tun da yake yadi ba ƙarfe ba ne, hannun ɗan Adam kuma ba ya maimaita abu daidai wa daida. Wannan iyaka ita ce alƙali ranar da kaya suka iso. Abin da ya faɗa cikinta dole mai kaya ya karɓa, abin da ya fita dole ma'aikata ta gyara ko ta biya.

Daga jadawali sai a fitar da zubi, watau a yanka kowane sashe na rigar a kwali mai kauri: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu, in wando ne har hantsa da ƙubaka. A nan ne hanyar tela da ta ma'aikata suka rabu. Telanmu yakan shimfiɗa yadi ya zana da alli ya yanka, in ya gama zanen ya tafi tare da yadin, gobe sai ya sake wani. Zubin kwali kuwa yana nan, a rataye shi a ƙusa, baɗi a ɗauko a sami riga irin ta bana. A jikinsa ake barin rarar da ɗinki zai ci, a yi 'yan tsagogi a baki waɗanda ke nuna wa mai ɗinki inda hannu zai haɗu da kafaɗa, a ja kibiya mai nuna yadda zai kwanta bisa tsawon zaren yadi. In aka saɓa wa kibiyar nan, rigar za ta yi kyau a kanti, amma wanki ɗaya sai ta karkace. Idan zubin matsakaiciyar lamba ya tabbata, sai a ƙara a rage a fitar da sauran lambobi. Wannan ma ilmi ne mai zaman kansa, domin jiki ba ya girma bai ɗaya. A rigar maza irin ta Turawa, idan ƙirji ya ƙaru da inci 2 daga lamba zuwa lamba, wuya rabin inci kawai yake ƙaruwa. Wanda ya ƙara kome da kome daidai, zai fitar da rigar da wuyanta ke zamewa a kafaɗa.

Shi ma yadi sai an jarraba shi kafin almakashi ya taɓa shi. A yanki ƙyalle, a auna, a wanke, a shanya, a goge, a sake aunawa. Idan yadin auduga ya tsuke da kashi 5 cikin 100, kaftani mai tsawon inci 40 ya rasa inci 2 ke nan a wankin farko, saboda haka tilas a ƙara wannan a zubi tun da wuri. A duba ko yana zuba, a duba ko bandir na farko da na goma launinsu ɗaya ne, a kuma tabbata za a sake samun irinsa a kasuwa bayan wata shida. Sa'an nan a jera duk abin da rigar za ta ci a takarda guda: yadi nawa, zare wane iri, maɓalli mai girman nawa, shafi, zip, tambarin kamfani, takardar lamba, har ledar da za a sa ta ciki. Abin da aka manta a wannan jeri, ko maɓalli ne, yana iya tsayar da ma'aikata ɗari su wuni suna hamma.

Sai samfur. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka nan ba a gano kuskuren zubi ranar da aka yanka yadi dubu. Akan ɗinka na farko don a ga ko siffar ta fito, a gyara, a ɗinka na biyu a sa wa mutum ya zauna, ya tashi, ya ɗaga hannu, ya durƙusa, a ga inda ya matse da inda ya yi buhu. Na ƙarshe shi ne wanda aka yi da ainihin yadin da ainihin zaren, a kan kekunan ma'aikatar da za ta yi aikin. Shi ne ɓangarorin biyu za su sa wa hannu, kowa ya ajiye ɗaya. Dukan waɗannan takardu da zubi da samfur, in aka haɗa su, su ne kundin rigar. Alamar kundi mai kyau ita ce a miƙa shi ga wanda bai taɓa ganin mai rigar ba, a Aba yake ko a Kano, ya fitar da abin da ake so ba tare da ya yi tambaya ba.

A cikin ma'aikata kuwa, riba da hasara a teburin yanka suke. Akan shimfiɗa yadi hawa hamsin ko ɗari, a jera zubi a kai a matse su yadda ba za a bar fili ba, a yanka gaba ɗaya da wuƙar lantarki. Yadi shi ne yakan ci kusan rabin kuɗin riga ko fiye, don haka wanda ya iya jeri har ya tsirar da kwatan yadi a kowace riga, a riga 1,000 ya tsirar da yadi 250. Faɗin yadin ma abin lura ne, domin jerin da ya dace da mai faɗin inci 60 ba zai zauna a mai inci 45 ba. A nan tufafinmu suna da wata falala da ba mu lura da ita ba. Da yake asalinsu daga ƙwaryar saƙi ne, babbar riga da 'yar shara da taguwa kusan duk sassansu miƙaƙƙu ne masu kusurwa huɗu, ba su barin ƙyallaye da yawa, kuma da yake suna da yalwa, lamba huɗu ko biyar sun isa su tufatar da yawancin maza. Kwat ta Bature ba ta da wannan sauƙi. Bayan yanka sai a rarraba ɗinkin, wannan wuya kaɗai yake haɗawa, wancan aljihu, wancan ramin maɓalli, a auna mintocin da kowane mataki yake ci, domin da mintocin nan ake lissafin lada. Dalilin ke nan da ya sa ma'aikata ba ta karɓar riga goma: wahalar shirya zubi da jeri da kekuna ɗaya ce ko goma za a ɗinka ko dubu.

Wanda yake shakkar cewa wannan ilmi shi ne mabuɗi, ya dubi Bangaladash. Ƙasar nan ba ta noma audugar kirki, sayowa take yi daga waje. A ƙarshen shekarun 1970 wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Nurul Ƙadir, ya kafa kamfanin Desh, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu, aka tura matasa 130 birnin Busan suka yi wata shida suna koyon yanka da tsara layin ɗinki da duba inganci da lissafin farashi. Kafin shekarun 1980 su ƙare, 115 daga cikinsu sun bar Desh sun kafa nasu ko sun jagoranci wasu. Daga wannan iri ne aka sami masana'antar da ta kai ga ɗaukar mutane wajen miliyan 4, ta kuma riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Mutum 130, ya ku 'yan'uwa, ba su kai yawan ɗaliban aji ɗaya na wasu sassanmu ba. Mu kuwa da muke da auduga a Funtuwa da Gusau da Gombe, muke da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru wadda ta daɗe tana fitar da irin auduga, da Amurka ta kafa dokar AGOA a shekarar 2000 ta yafe wa tufafin Afirka kuɗin fito, ƙananan ƙasashe irin su Lesoto da Kenya ne suka ci moriyarta, Nijeriya ta tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu za su ce wannan hanya ce ta kashe teloli. Tsoron nan tsoho ne, domin telolin Faris sun farfasa kekunan Thimonnier 80 a 1831 saboda shi. Amma mu dubi gaskiya: kasuwar da muke magana a kanta ta riga ta kuɓuce wa telanmu. Singileti, kayan yara, rigunan ƙwallo, jallabiya, kayan gwanjo, duk ba shi ke ɗinka su ba. Abin da ke hannunsa shi ne ɗinkin aune, na ango da na salla da na mai sarauta, wannan kuwa ba ma'aikatar da za ta ƙwace masa, kamar yadda telolin Landan masu ɗinkin aune suke nan har gobe. Bugu da ƙari, ma'aikatar da za a kafa, su wa za ta ɗauka in ba yaran teloli ba, waɗanda a yanzu suke aikin wata biyu a shekara su yi zaman wata goma?

Wasu kuma za su ce ina wuta, ina jari, ga kuma fasa ƙwauri? Lalle waɗannan su ne suka karya masaƙu, kuma ba za mu daina neman gwamnati ta magance su ba. Sai dai ba daidai ba ne a auna ɗinki da ma'aunin saƙa. Masaƙa tana bukatar injuna na miliyoyin daloli, da tukunyar tururi, da ruwa mai yawa, da wutar da ba ta ɗaukewa dare da rana. Ɗakin ɗinki mai keke talatin kuwa, faifan hasken rana a kan rufi yana iya riƙe shi. Game da fasa ƙwauri, an hana shigo da yadi an sake buɗewa, Babban Banki ya hana masu shigo da shi kuɗin waje a 2019 ya janye hanin a 2023, duk da haka Kantin Kwari bai taɓa rasa kayan waje ba. Doka ba ta iya tilasta wa uwa ta saya wa ɗanta rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Abin da zai sa ta saya shi ne ta ɗauki mai lamba 8 yau, ta dawo baɗi ta ɗauki mai lamba 9, ta tarar duka sun yi daidai.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ma'aikatun ɗinki wuraren bautar da talaka ne. A ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da birnin Dakka, mutum 1,134 suka mutu, galibinsu mata masu ɗinki, bayan an ga tsaga a bango tun jiya aka kuma tilasta musu su koma bakin aiki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma darasin da muka ɗauka a nan shi ne a rubuta haƙƙin ma'aikaci a cikin lissafi tun ran gini, tun ran zane. Wanda ya san rigarsa minti nawa take ci, ya san ladan da ya wajaba a biya a kanta, ba kuma zai iya fakewa da rashin sani ba. Mai aiki da ka shi ne yakan yi alkawarin farashin da ba zai yiwu ba, in ya ga hasara ta taso ya huce a kan yaran shago.

Kasuwar farawa kuwa tana gabanmu, ba sai mun hango Amurka ba. Kayan 'yan makaranta, na ma'aikatan jinya, na masu gadi, na masu yi wa ƙasa hidima, na alhazai, duk tufafi ne iri ɗaya masu yawa, waɗanda ake bukata kowace shekara, salonsu kuma ba ya sakewa. A 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa a kan wasu kayayyaki, ciki har da kayan sarki da takalma, ya tafi ga na gida. Amma ranar da aka buga sanarwar kwangila aka ce a kawo samfur da jadawalin awo da farashin riga 20,000, wa zai amsa daga cikinmu? In ba mu shirya ba, ɗan kwangila zai karɓa da sunan kamfanin gida, ya aika waje a ɗinko, ya liƙa tambari.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da hukumar jami'a a kan abubuwa uku. Na farko, a auna mu. Amurka ta auna mata wajen 15,000 a 1939 da 1940, Ingila ta auna mutum 11,000 a farkon wannan ƙarni, don su san siffar jikin mutanensu. Mu har yanzu da lambobin da aka yi wa jikin wasu muke sayen kaya, shi ya sa dogon Bafillace yake sayen wando ya tsaya masa a ƙwauri. A harabar nan akwai dubban samari da 'yan mata daga kowace jiha. Ɗaliban lissafi da na kimiyyar jikin ɗan Adam da na sashen zane, da tef da littafi, maza su auna maza, mata su auna mata, da yardar wanda za a auna, za su iya fitar da jadawali cikin zango guda, a buga shi a raba wa ƙungiyoyin teloli kyauta.

Na biyu, duk tufar da Ƙungiya ko wani sashe zai yi oda, rigar ɗakin gwaji ce, ko ta 'yan wasa, ko ta bikin makon al'adu, kada a ba da aikin sai da cikakken kundi wanda ɗalibai suka shirya, a kuma ba telolin gari su haɗa kai su ɗinka a kansa. Za a yi kurakurai a karon farko, amma gara a yi su a riga 200 da a yi su a 20,000. Na uku, masu rubuta kundin kammala digiri a fannin zane da kasuwanci da injiniya da harshen Hausa su sauko da bincikensu ƙasa. Ana bukatar wanda zai zauna da tsofaffin maɗinka ya rubuta ƙa'idar yankan babbar riga da sunayen sassanta kafin masu ilmin su ƙare, ana kuma bukatar littafin koyar da zubi da jeri cikin Hausa, wanda yaron shago mai ilmin firamare zai karanta ya gane.

Wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗin tarayya, ba ya jiran a tayar da Kakuri. Kwali da tef da fensir yake bukata, da kuma ɗalibin da ba ya jin kunyar a gan shi durƙushe a shagon tela yana tambaya yana rubutawa. Telan yana da hannu, mu muna da alƙalami, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Muna fatan majalisar Ƙungiya za ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba, ta kafa kwamitin awo kafin hutun ƙarshen zango. Allah ya ba mu ikon aikata abin da muka faɗa.